Ina Wakilin Sabo A Kwamitin Makaranta?

Duk wanda ya bi ta Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko unguwar Sabo a Badun, da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe, zai ga 'ya'yan mutanen Arewa cikin kayan makaranta suna ta sauri kada a rufe ƙofa. Iyayensu su ne mahauta da 'yan goro da dillalan shanu da masu gadi da 'yan gwari. Sun yi abin yabo da suka sa yaran a makaranta. To, amma fa ran da hedimasta ya kira taron kwamitin da ke kula da makarantar, in aka duba kujeru, a wurare da yawa da wuya a ga ko mutum ɗaya daga cikin waɗannan iyaye. Ana yanke shawara a kan 'ya'yansu suna can kasuwa, sai daga baya labari ya same su, su yi ta gunaguni a gindin rumfa.

Wannan ba ƙaramin sakaci ba ne, musamman in aka tuna daɗewar zaman. Tun 1916 aka kafa Sabon Badun, watau yau fiye da shekara 100 ke nan. Akwai dattawa a can waɗanda kakanninsu ma nan aka haife su. A gabansu gwamnatin Cif Obafemi Awolowo ta soma ba da ilmin furamare kyauta a Jihar Yamma cikin 1955. A gabansu Janar Obasanjo ya buɗe shirin ilmin furamare na bai ɗaya cikin 1976, kuma Alhaji Latif Jakande ya cika Ikko da azuzuwa tsakanin 1979 da 1983, har ya kashe karatun nan na kamu-kamu, wasu da safe wasu da rana. Cikin 1999 aka ƙaddamar da sabon shiri a Sakkwato, dokarsa ta fito cikin 2004, ta ce karatun shekara 9, shida na furamare uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro. Dokar ba ta tambayi garin uban yaro ba. Har ma ta tanadi horo ga uban da ya ƙi: da farko a tsawata masa, in ya sake a ci shi tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata guda. Mutumin da doka za ta iya ci tara saboda makaranta, ai kuwa yana da bakin magana a kan yadda ake tafiyar da ita.

Hanyar yin maganar tana nan. Cikin 2006 Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta amince a kafa wa kowace makarantar gwamnati kwamitin gudanarwa na jama'ar unguwa, wanda ake kira SBMC a taƙaice. Ya bambanta da ƙungiyar iyaye da malamai da aka saba da ita, domin shi ya haɗa har da waɗanda ba su da ɗa a makarantar. A cikinsa akwai hedimasta da wakilin malamai da na 'yan makaranta, da wakilin sarakuna, da na addinai, da na mata, da na masu sana'a, da tsofaffin ɗalibai. Mai karatu ya lura da jerin nan da kyau. Unguwar da ke da Sarkin Hausawa da limami da ƙungiyar mahauta da malamar Islamiyya tana da ƙofa huɗu na shiga, ba ma ɗaya ba.

Ya kamata a faɗi iyakar ikon kwamitin, don kada wani ya shiga da dogon buri ya fito da fushi. Ba ya ɗaukar malami, ba ya korarsa, ba ya biyan albashi. Wannan aikin hukumar ilmi ta jiha ne, watau SUBEB, da ofishin Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma. Manyan gine-gine kuma suna jiran kuɗin hukumar UBEC ta tarayya, wadda ake ware wa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma jiha ba ta ɗiban rabonta sai ta ajiye nata daidai da shi. Abin da ke hannun kwamiti shi ne sa ido. Shi ke duba ko malamai suna zuwa a kan lokaci, ya ƙirga yaran da suka daina zuwa ya bi sawunsu har gida, ya zauna da hedimasta su tsara abin da makaranta ta fi bukata a shekara, ya binciki yadda aka kashe duk wani kuɗi da ya shigo, sa'an nan ya kai kuka gaba da sunan unguwa. Takardar da kwamiti ya sa wa hannu tana da nauyin da ƙorafin uba ɗaya a bakin ƙofa ba shi da shi.

To, me ya hana mutanen Arewa shiga? Akan ce harshe, domin taro da Yarabanci ko Ibo ko Turanci ake yi. Akan ce lokaci, domin mai tireda ba ya rufe shago da hantsi. Duka biyu gaskiya ne, amma ba su kai su hana ba. Samarin Sabo da aka haifa a can suna jin Yarabanci kamar 'yan gari, lokacin taro kuwa 'yan kwamiti ne ke tsayar da shi, wanda ba ya nan ne kawai ba a tambayarsa. Babban dalili yana cikin zuciya. Mutum ya shekara talatin a Kurmi, ya aurar da 'ya'ya a nan, yana biyan haraji da kuɗin rumfa a nan, amma har gobe cewa yake yi shi baƙo ne, baɗi zai koma gida. Ya gina gida a Kano ko Katsina wanda ba ya kwana ciki sai da Salla, alhali ajin da ɗansa ke zama kullum yana yoyo bai taɓa leƙawa ba. Daɗin daɗawa, an saba a jibga wa Sarkin Hausawa kome. Rigimar kasuwa shi, belin wanda aka kama shi, gawar da za a kai gida shi. Mutum ɗaya ba zai zauna a kwamitin makaranta goma ba.

Asarar tana bayyana a ƙananan abubuwa. Makaranta ta sa darasin yamma daidai lokacin Islamiyya, uba ya ga sai ya zaɓi ɗaya, ya zare yaron. An tafi da yaro gida biki ko jana'iza aka yi wata biyu, ya dawo ya tarar an soke sunansa daga rajista, ba wanda ya gaya wa uban cewa akwai takardar da ake karɓa kafin tafiya. An ce a kawo kuɗin kaza, ba rasit, uwa ta biya don tsoron kada a kori ɗanta, alhali doka ta ce kyauta. Yarinya ta fara girma, makewayin makaranta ba ƙyaure, sai a ce ta zauna gida ta ɗauki talla. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, zama ɗaya na kwamiti yana iya warware shi, in akwai wanda ya san halin da zai faɗa.

Ko batun hijabi haka yake. Babbar Kotun Ikko ta goyi bayan hana shi cikin 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wannan hukunci cikin 2016, Kotun Ƙoli ta tabbatar da 'yancin sa shi cikin Yunin 2022. Shari'a ta ƙare a Abuja, amma aiki da ita a bakin ƙofar kowace makaranta ake yi, tsakanin malami da yarinya 'yar shekara goma sha biyu. Inda akwai wakili mai hankali a kwamiti, sai a daidaita launi da tsawo cikin lumana tun kafin a buɗe zango, ba sai an kai ga cacar baki ba.

Sai dai a yi hattara wajen zaɓen wanda za a tura. Kujerar ba sarauta ba ce, ba albashi, ba kwangila. Wanda ake bukata shi ne mai iya karanta lissafi, mai jin harshen gari, mai haƙurin zama awa biyu a kan bencin yara. In an sami mace, ya fi, domin ita ke shiga gidajen da namiji ba ya shiga, ita ta san yarinyar da aka ɓoye da dalilin ɓoye ta. Kuma wanda ya shiga ya sani ba don 'ya'yan Hausawa kaɗai ya shiga ba. Rufin da ke yoyo a kan Musa, shi ke yoyo a kan Tunde da Emeka. Wakilin da ba ya buɗe baki sai an taɓo ƙabilarsa, nan da nan abokan zama za su daina saurarensa, su kuwa ke da rinjaye.

Hukumomin ilmi na jihohin Kudu su ma da nasu. Makarantar da 'ya'yan mutanen Arewa suka yi yawa a cikinta, bai dace a kafa mata kwamiti ba tare da an aika wa shugabannin unguwar ba, kuma sanarwar da aka liƙa a allo da Turanci ba ta isa ga mahaucin da ke mayanka tun asuba. A aika wa limami ya faɗa bayan sallar Juma'a.

Cikin watan Satumba ake buɗe sabuwar shekarar karatu. Kafin nan, ya kamata kowane Sarkin Hausawa ya tara limamai da shugabannin sana'a, a lissafa makarantun gwamnati da yaran unguwa ke zuwa, a ba kowace mutum biyu, namiji da mace. Su je wurin hedimasta su tambayi sunayen 'yan kwamiti, da ranar da wa'adinsu zai cika, da ranar taro na gaba. In ya ce babu kwamiti, ko kuwa akwai shi a takarda kawai, sai su wuce ofishin Sakataren Ilmi da takarda a rubuce, su riƙe kwafinta.