Karatun gida ga iyalan Kirista a Kano: kar a cire yaro daga makaranta

1/ Iyaye Kirista na Gyadi-Gyadi da Tarauni, ku zo mu tattauna. Ana ta yaɗa ra'ayin cire yara daga makaranta a koyar da su a gida, kamar yadda wasu ke yi a Amurka. Ni dai ban goyi baya ba. Zare ne, ku biyo ni.

2/ Damuwar gaskiya ce. Iyaye na kukan rashin malamin darasin addinin Kirista a makarantu da dama, kuɗin makarantu masu zaman kansu kuma ya fi ƙarfin talaka. A 2025 an rufe makarantu sama da wata guda a Kano, Katsina, Bauchi da Kebbi lokacin azumi, har ƙungiyar CAN ta yi ƙorafi.

3/ Amma fa dokar UBE ta 2004 ta wajabta wa yaro shekara 9 na karatu, firamare da ƙaramar sakandare. Sannan uwar da ke aikin dare a asibitin Malam Aminu Kano, ko mai shago a kasuwar Tarauni, yaushe za ta zauna koyar da lissafi da kimiyya kullum?

4/ Babban dalilina ma ba wannan ba ne. Mu 'yan tsiraru ne a unguwannin nan. A aji ɗanka ke samun aboki Musulmi, a nan kowa ke gane ɗan'uwansa mutum ne. Ka kulle shi a gida, ka ƙara masa katanga kan wadda ke akwai.

5/ To mece ce mafita? Mu dubi maƙwabtanmu. Yaro ya dawo daga boko, ya ci abinci, da yamma sai Islamiyya. Mu kuwa mun bar tarbiyyar addini ga makarantar Lahadi, awa ɗaya a mako, ita ma sai an samu kuɗin adaidaita zuwa coci. Ina za ta isa?

6/ Shawarata: awa ɗaya kullum da yamma. Gida uku ko huɗu su haɗu, a riƙa karɓa-karɓa. Minti 20 karatun Littafi Mai Tsarki, 20 aikin gida na makaranta, 20 waƙa da hira. Tabarma da allo sun wadatar.

7/ Kayan aiki muna da su. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi wa hidima sosai. Yau yana cikin waya, a manhajar YouVersion. Ga Littafin Waƙoƙi. Yara su fara da Zabura da Karin Magana, gajeru ne, suna shiga kai.

8/ A ƙara da Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Abin kunya ne yaro na jin Hausa kamar jakin Kano amma ya kasa karanta ta. Ranar Asabar a leƙa gidan zu, yana nan kusa, su rubuto abin da suka gani. Wani satin kuma ɗakin karatu na Murtala Muhammad.

9/ Iyaye maza, ku ma a ciki. Kar a jibga wa mama kaɗai. Wa ya taɓa gwada irin wannan a layinsu? Ku faɗa mana yadda ta kaya.