Saurin bugun zuciya: Me ya sa lamba 52 a fuskar agogo ke tayar wa matasan Kano hankali?

Tun bayan annobar korona ta 2020, na'urorin auna lafiya suka shiga hannun jama'a fiye da da. Ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta zama abin saye a kemis, sannan agogon zamani mai haɗuwa da waya ya cika shagunan Farm Centre. Yanzu matashi a Panshekara ko Sheka zai iya duba bugun zuciyarsa sau goma kafin azahar.

Wannan ya zo da wata sabuwar fargaba. Saurayi lafiyayye zai farka ya ga agogo ya nuna 52 ko 48, ya shiga intanet ya karanta cewa daidai shi ne 60 zuwa 100, daga nan sai hankali ya tashi. Tambayar ita ce, yaushe ne raguwar bugun zuciya ke zama ciwo, yaushe ne kuma take zama shaidar lafiya?

Abin da lambar ke nufi

Aikin zuciya shi ne tura jini. Baligi da ke zaune yana hutawa na buƙatar kimanin lita biyar ta zagaya jikinsa a kowane minti ɗaya. Zuciyar da ke tura jini kaɗan a kowane bugu dole ta yawaita bugawa kafin ta cika wannan adadi. Wadda ta yi ƙarfi saboda motsa jiki kuwa tana tura jini mai yawa a bugu ɗaya, don haka ba ta buƙatar gaggawa.

Shi ya sa 'yan wasa ke yawan samun bugu 40 zuwa 60 a minti. Ɗan tseren keke na ƙasar Sifaniya, Miguel Indurain, wanda ya lashe gasar Tour de France sau biyar a jere daga 1991 zuwa 1995, an ruwaito cewa bugun zuciyarsa na sauka har 28 idan yana hutawa.

Ba sai mutum ya zama zakaran duniya ba. Ma'aikacin da ke taka keke kullum zuwa masana'antun Challawa ko Sharada, da mai loda buhuna a mota a Bompai, da mai buga tamola kowace yamma, duk suna horar da zuciyarsu ko da ba su taɓa shiga gidan motsa jiki ba. Haka kuma lokacin barci bugun kan sauka ƙasa da 60, wani lokaci har zuwa 40 da ɗoriya a jikin matasa, kuma agogon da aka kwana da shi a hannu yana rubuta wannan duka.

Su kansu likitoci ba su ɗauki 60 a matsayin katanga ba. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka fitar a 2018 sun sanya ƙasa da 50 a matsayin inda za a fara duba lamarin, kuma ko a nan ɗin abin da suka fi bai wa muhimmanci shi ne ko mutum yana jin wani abu a jikinsa.

Agogon ma yana kuskure

Agogon hannu ba ya sauraron zuciya. Koren haske yake haskawa cikin fata, ya ƙiyasta bugu daga yadda jini ke shiga da fita. Gumi, da sakin maɗauri, da motsin hannu duk suna ɓata lissafin. Wasu masu arha ma sukan nuna lamba ko da an ajiye su a kan tebur.

Hanyar tabbatarwa ba ta buƙatar ko kwabo. Ka zauna minti biyar, ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ka ƙirga bugu na minti ɗaya cur. Ka lura kuma ko bugun na tafiya a jere ne, ko yana tsallake.

Inda ya zama dole a je asibiti

Raguwar bugu na zama matsala idan jini ya kasa isa ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi. Alamomin su ne jiri, da suma ko jin kamar za a suma, da haki a kan ɗan aiki kaɗan, da ciwon ƙirji, da gajiyar da ba a saba da ita ba, da rikicewar tunani. Haka nan idan mutum ya hau bene ko ya yi gudu amma bugun ya ƙi tashi. Wanda ya suma yana tsaka da wasa ko aiki, ko kuma a danginsu aka taɓa samun matashi ya faɗi ya mutu farat ɗaya, bai kamata ya jira ba.

Akwai dalilan da suka shafi yankinmu kai tsaye. Magungunan hawan jini irin su atenolol da propranolol suna rage bugun zuciya, kuma ana iya samunsu a kemis ba tare da takardar likita ba. Kodin, wanda gwamnatin tarayya ta haramta shigo da maganin tarinsa da haɗa shi a watan Mayun 2018, yana rage numfashi da bugu idan aka sha da yawa. Maganin ƙwari irin su fiya-fiya, idan aka sha ko aka shaƙa da yawa, na iya karya bugun zuciya cikin gaggawa. Ciwon ƙoda da ya sa sinadarin fotashiyam ya taru a jini, da raunin aikin ƙwayar da ke gaban maƙogwaro, su ma suna cikin jerin. A zazzaɓin taifot kuma, akan ga jiki ya yi zafi sosai amma bugun bai tashi yadda ya kamata ba.

Matakin farko a asibiti shi ne gwajin ECG, wanda ba ya ɗaukar minti goma kuma babu allura a cikinsa. Ana yin sa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, da asibitoci masu zaman kansu da dama. Shi ke bambance zuciyar da ke tafiya a hankali cikin tsari da wadda saƙon lantarkinta ke katsewa a hanya.

An bar jaki ana dukan taiki

Tsoron da matasa ke yi yana da tushe. Har yau ana tuna Samuel Okwaraji, wanda ya faɗi ya rasu a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agustan 1989 yana buga wa Najeriya wasa da Angola. Miliyoyin mutane kuma sun kalli faɗuwar Christian Eriksen na Denmark a watan Yunin 2021. Sai dai irin wannan tsayawar zuciya a fili galibi rikicewar bugu mai tsananin sauri ke jawo ta, ba bugu 55 na mutumin da ke kwance yana hutawa ba.

Abin da ya fi yi wa zukatan 'yan Najeriya illa shi ne hawan jini, wanda bincike daban-daban ke nuna yana jikin kusan baligi ɗaya cikin uku, da yawansu ba su sani ba domin ba ya nuna alama. Ga kuma ciwon zuciyar da ke kama mata a ƙarshen goyon ciki ko bayan haihuwa, wanda Arewa maso Yamma na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya, kamar yadda binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta ya nuna. Mai jego da ke haki da kumburin ƙafa ta fi saurayi mai bugu 52 buƙatar ganin likita yau.

Ita kanta fargabar

Akwai wanda an yi masa gwaji an ce lafiyarsa ƙalau, amma bai daina duba agogo ba. Duk dubawa na kwantar masa da hankali na ɗan lokaci, sai shakka ta dawo ta fi ta da. Fargaba kuma na kawo faɗuwar gaba, da jiri, da ƙuncin ƙirji, sai ya ɗauka ciwon da yake tsoro ne ya tabbata. Ga ma'aikacin da ake biya a kan ranar da ya fito, wannan na nufin asarar kuɗin yini, da kuɗin gwajin da aka maimaita babu dalili, da barcin da ya ƙaurace.

Wannan hali sananne ne a wurin likitoci, kuma ana maganinsa ta hanyar tattaunawa da ƙwararru kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Matakin da mutum zai iya ɗauka da kansa shi ne ya kashe sanarwar bugun zuciya a agogon, ya cire shi idan zai kwanta, ya bar neman fassarar kowace lamba a intanet.

Matashin da bugunsa ke tsakanin 50 da 60, yana aikinsa, yana hawa bene ba haki, ba jiri, kuma ba ya shan wani magani, mafi yawanci zuciyarsa ƙarfi gare ta. Idan ya shiga kemis ko asibitin unguwa, abin da ya fi dacewa ya nema shi ne a auna masa hawan jini.