Furen Gashin Matan Japan Da Sana'o'in Da Muka Kulle A Zangunanmu

Duk wanda ya taɓa bin jirgin Qatar Airways daga Legas ko Abuja ko Kano zuwa ƙasashen gabas ya san sai an yada zango a filin jirgin sama na Hamad da ke Doha, wanda aka buɗe a 2014. A can ne, kusa da lambun nan na cikin gini da suka buɗe a 2022, na zauna jiran jirgi tare da wata baiwar Allah 'yar Japan da 'yarta ƙarama. A gashin yarinyar akwai fure ja da fari, wanda sai da na duba da kyau na gane na ƙyalle ne. Da na yaba, uwar ta ce ita ta yi shi da hannunta, kuma a wani ɗakin taro na unguwarsu ta koya, ranar hutun ƙarshen mako. Ma'aikaciyar ofis ce, babu mai wannan sana'a a danginta. Wannan magana ta ƙarshe ce ta tsaya mini a rai.

Sunan aikin tsumami zaiku, furen kuma idan aka ɗora shi a kan tsinken gashi sai a kira shi kanzashi. Ana yanka siliki mara kauri ƙanana-ƙanana masu kusurwa huɗu, a kama kowane da matsefata a ninke shi, a dangwala a cikin sitacin shinkafa da aka shafa a kan allo, sannan a jera su ɗaya bayan ɗaya har fure ya tashi. Babu allura babu zare. Ninkin ma asalinsa iri biyu ne kacal, mai zagaye da mai tsini, amma da su ake fitar da fure da tsuntsu da malam-buɗe-littafi. Sana'ar ta bunƙasa tun zamanin Edo, wato tsakanin 1603 da 1868. A birnin Kiyoto, 'yan matan da ke koyon rawa da waƙar gargajiya, waɗanda ake ce wa maiko, kowane wata da furen da suke sawa: na Afrilu daban, na Oktoba daban, har mai kallo kan gane watan da ake ciki daga kan yarinya.

To amma da mata suka koma tufafin Turawa, sai kasuwar ta faɗi, gwanayen suka tsufa, 'ya'yansu suka tafi aikin kamfani. Gwamnatinsu ta yi doka a 1974 don tallafa wa sana'o'in gargajiya, wannan gaskiya ne. Sai dai ni a ganina abin da ya fi riƙe wannan aiki shi ne buɗe ƙofar koyarwa da aka yi ga kowa. Yau uwa kan shiga aji na 'yan sa'o'i don ta yi wa 'yarta furen bikin Shichi-Go-San da ake yi wa yara a watan Nuwamba, budurwa kuma ta yi na bikin cika shekarun girma a Janairu.

Na san abin da za a ce, domin a can ma ana faɗa: aikin 'yan koyo ba ya kai na gwani, wasu ma da gam ɗin kanti da yadin roba suke yi. Haka ne. Amma matar da ta taɓa shafe sa'a biyu tana fama da fure guda ba za ta ƙara raina kuɗin da gwani ya yanka wa nasa ba. Ita ce mai sayen gobe, kuma cikin ɗari da suka koya ba a rasa ɗaya da za ta riƙe abin da gaske.

Yanzu mu dawo gida. A wannan filin jirgin dai alhazanmu da hajiyoyinmu 'yan kasuwa ke wucewa daga ƙasar Sin, kuma cikin kayan da suke aunowa har da furannin roba da ake maƙala wa amare da yara ranar Sallah. Ba laifinsu ba ne, abin da ake nema suke kawowa. Abin tambaya shi ne ina namu? Iyayenmu da suka kafa Sabon Ibadan da Agege da zangon Kumasi da Nima a Akara sun zo da ɗinkin hula da saƙar faifai da dukanci da kitso iri-iri. Mu kuwa mun ɗauki sana'a a matsayin gado: rini na gidan marina ne, fata ta dukawa ce, ɗan wani gida in ya nemi koya sai a ce ya zubar da girman gidansu. Idan ɗan gadon ya tafi boko ko acaɓa, shi ke nan, sana'ar ta bi tsohon zuwa kushewa. Wanda ya leƙa marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, ya ga karofi nawa ne suka bushe.

Kada kuma a ce mini ai ana koyar da sana'a. Wannan da 'yan siyasa ke tara mata kwana uku a koya musu haɗa sabulu da man shafawa, a ɗauki hoto a watse, ba shi nake nufi ba.

Abin da nake kira gare shi ƙarami ne, bai ma kai a nemi gwamnati ba. Kusan kowane zango yana da zauren Sarkin Hausawa, yana da Islamiyya da azuzuwanta ke zama a kulle ranakun Alhamis da Juma'a. Ƙungiyoyin mata su nemo tsohuwar nan da ta iya faifai mai launi, ko dattijon da ke ɗinka kube, a ba su aji ɗaya a mako. A buɗe wa kowa, har da maƙwabtanmu Yarbawa da Asante, kuma kowane ɗalibi ya biya wani abu, ko yaya yake, ya shiga hannun mai koyarwa kai tsaye. Kaba da zare da allura duk ana samunsu a kasuwar unguwa, masu koyarwar ne yawancinsu sun haura shekara sittin.