Zauren Asusu: Daga filin jirgi zuwa masauki, mu tara da keken Inna

 

Wannan wata zancenmu na tafiya ne. Da yawa cikin bashin da ake ɗauka a asusu na kai mara lafiya Yamai ne, ko na rakiyar tsohuwa mai niyyar Umara. Mace takan zo da lissafinta tsaf: kuɗin tikiti, kuɗin magani, guzuri. Amma in ka ce mata, "To in kun sauka, wa zai kai ku masauki?" sai ta yi shiru. Wannan ɗan guntun ne ke cinye ragowar kuɗi, musamman in kuna da yawa kuma akwai mai keken guragu.

Daga Difa zuwa Yamai ya fi kilomita 1,300 a kan babbar hanya mai bi ta Maine Soroa, Gure, Damagaram, Maraɗi da Doso. Ko ta bas kuka je ko ta jirgi, za ku sauka a gajiye, sau da yawa da dare. Filin jirgin Diori Hamani, wanda aka sabunta a 2019, yana gefen gari ne ta hanyar Doso, ba a zuwa masauki da ƙafa. Wanda ya gaji, ga tsohuwa na nishi, ba ya iya ciniki. Duk kuɗin da aka faɗa masa sai ya biya.

Mu yi lissafi irin na ranar taro. A ce ku tara ne har da Inna. Taksi mutum huɗu yake ɗauka. Keken Inna in an naɗe shi ya cika bayan mota, jakunkuna ba su da wuri. Ke nan taksi uku. A misali, in kowane ya ce jika 5, kun biya jika 15, dawowa ma haka, jika 30 ke nan. Ga shi an raba ku uku a garin da ba ku sani ba. Hiace guda ta shata tana kwashe ku duka, kaya a sama. Ko da mai ita ya nemi kuɗin taksi biyu, kun rage na ɗaya, kuma kuna tare. Alƙaluman nan misali ne. Ainihin farashi ki tambaya tun kina gida.

Ga abin da nake ba da shawara.

Na farko, a gama ciniki tun ba a tashi ba. Wa ke da ɗa ko ƙane a Yamai, ɗalibi ko ɗan kasuwa? Shi za a sa ya nemo direba. A faɗa masa gaskiya: mutum nawa, jaka nawa, akwai keke, ga unguwar da za a je. Kada ki ce ku shida ne alhali ku tara, don a wurin za a sake ciniki kuma ke za ki kwana ciki. A yi magana kan jira ma: in jirgi ko bas ya yi latti, nawa ne ƙari? Kada a aika duka kuɗin ta Nita ko Amana tun kafin a ga mota. Ɗan kafin alƙalami ya isa, sauran sai an sauke ku.

Na biyu, keken kansa. Irin mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu yana da kyau a cikin gari, amma ba ya naɗewa, ba ya shiga taksi. Don tafiya, mai naɗewa ake so. A rubuta suna da lambar waya a jikinsa. Matashin da take zama a kai ki riƙe shi a hannu. In za a ɗaura keken a saman mota, ki tsaya ki ga yaron mota bai ɗora masa buhu ba, don ƙafa ɗaya in ta lanƙwashe an shiga uku.

Na uku, in jirgi ne, a sanar da kamfanin tun wajen sayen tikiti, aƙalla awa 48 kafin tashi. Suna da alama uku: WCHR ga mai iya hawa matakala amma ba ya iya doguwar tafiya, WCHS ga wanda ba ya iya matakala, WCHC ga wanda ba ya iya takawa ko kaɗan. Ki rubuta wadda ta dace a takarda ki nuna. Kada ki ji kunyar nema. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008.

Na huɗu, masauki. Otel ne ko gidan ƴan uwa, a tambaya: ɗakin a ƙasa yake? Mota tana isa bakin ƙofa, ko akwai rairayi? Mun san yadda keke ke kafewa a rairayin nan namu. In asibiti ya kai ku, ku nemi wuri kusa da shi, don Babban Asibitin Ƙasa yana wannan gaɓa ta kogin Kwara, na Lamorde kuma sai an ƙetare gada. Ɗaki mai araha da ke nesa, kullum da kuɗin taksi, araha ce ta banza.

Masu Umara kuma, daga filin jirgin Jidda zuwa Makka tafiya ce ta fiye da awa guda. Ki sa mai shirya tafiyar ya rubuta miki cewa motar ɗauka tana cikin kuɗin da kika biya, kuma ya san da mai keke.

Saura namu na ƙungiya. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, ƙarfinmu shi ne abin da ɗaya ba ta iyawa mu haɗu mu yi. Ina roƙon kowace ƙungiya ta kawo magana biyu a taro mai zuwa. Ɗaya, a sayi keke mai naɗewa guda daga kuɗin taimako, ya zama na aro, wadda ta ɓata ta gyara. Biyu, sakatariya ta ware shafi a bayan littafi. Duk wadda ta dawo daga tafiya ta faɗi direban da ya riƙe amana, nawa ta biya, ina ta sauka. Matambayi ba ya ɓata, balle wanda aka rubuta masa amsa.

Kuma mai zuwa neman bashin tafiya, ta zo da lissafin mota na zuwa da na dawowa. Shugabanni, ku tambaye ta kafin a buɗe akwati.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da yankinmu lafiya. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.