Dokar Kyanwa A Turai: Maganar Kasuwa Ce

A watan Disamba na 2023 ne Hukumar Tarayyar Turai ta gabatar da daftarin dokar kare kyanwoyi da karnuka, majalisar tarayyar kuma ta goyi bayansa a watan Yunin 2025 bayan ta yi masa gyare-gyare. Daftarin ya tanadi a dasa wa kyanwa wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambarta, sannan a yi mata rajista. Wadda aka shigo da ita daga waje don sayarwa ma ba a ɗauke mata ba.

Ingila, wadda ta fice daga tarayyar, ta riga ta fara tun Yunin 2024: mai kyanwar da ya ƙi bin umarni zai iya biyan tarar fam 500.

Wani zai ce abin dariya ne. Amma mu da ke harka a kan iyaka mun san dabbar da ba ta da shaida ita ce ɓarawo da ɗan fasa-ƙwauri suka fi so, ita ce kuma ke shan wuya a hanya. Abin lura shi ne kuɗin rajistar. Idan ya fi ƙarfin ƙaramin mai kiwo, cinikin zai koma bayan fage, kyanwar da ake son karewa kuma ita za ta ji a jikinta.