Zuwa Mambila Ba Zuwa Biki Ba Ne

Idan hutu ya zo, wasu iyalai daga Kachalla Sembe kan bi hanyar Bali da Serti zuwa Gembu. Abin takaici, sai ka ga akwati maƙil da shadda da leshi, babu ko bargo ɗaya. Jama'a, tudun Mambila ya kai kimanin mita 1,600, kuma sanyin asubar Nguroje ya wuce hunturun Jalingo. A ganina, kafin kayan ado, a fara tanadar wa yara rigar sanyi da safa da hular ulu da man shafawa. Ko a gwanjo ana samu. A riƙa haɗa musu riguna biyu, in rana ta buɗe sai a tuɓe ta sama. Iyaye, kuɗin suwaita bai kai na asibiti ba.