Zauren Uwargida: Kafin Yara Su Yi Ihun "An Kawo Wuta!"



Daga Ƙaraye har Rogo, mata da yawa da firiza suke rufa wa kansu asiri: ƙanƙara, zoɓo, kunun aya. Ranar da ta ƙone, jari ne ya tafi. Kuma sau da yawa ba ɗaukewar wuta ce ke ƙona ta ba, dawowarta ce.

Kayan gidanmu an ƙera su ne don wuta mai ƙarfin bolt 230. A daidai lokacin da aka dawo da ita, takan yi tsalle ta wuce haka na ɗan ƙiftawar ido, kuma wannan ya isa ya kashe caja ko talabijin. Mafi muni shi ne idan wayar nutural ta tsinke a tiransifoma ko a kan fal: wuta na iya shigo miki har kusan bolt 400. Alamarta, ƙwan gidanki ya yi haske fiye da kima, na maƙwabta ya dushe, fanka ta riƙa gudu kamar za ta tashi. Kika ga haka, kashe babban makunnin gida nan take, sannan a sanar da ofishin KEDCO.

Ga abin da ba ya cin ko sisi. Da zarar an ɗauke wuta, ki zagaya ki cire firiza, talabijin, caja, dutsen guga da hita daga soket. Ki bar ƙwai ɗaya a kunne don ya sanar da ke. In ta dawo, ki ba ta minti 5 ta daidaita, sannan ki mayar da su ɗaya bayan ɗaya, firiza a ƙarshe. Ki ɗora wa babban yaronki wannan aiki, musamman kafin a kwanta, domin hitar da aka manta a jone tana cikin abubuwan da ke tayar da gobarar tsakar dare.

Da damina, in hadari ya haɗu ana walƙiya, ki cire har da wayar dish da eriya. Tsawa takan bi ta nan ko da babu wutar NEPA.

Sai abin da ke buƙatar kuɗi. Sitabilaiza tana daidaita wutar da ta yi ƙasa ko sama, amma ba kowace ke tare tsallen farat ɗaya ba. Ki tambayi mai shago ƙaramar na'urar tsaron firji, wadda ke yanke wuta in ta yi yawa, ta kuma jinkirta kafin ta sake ta. Ki guji jona firiza a kan soket mai doguwar waya ɗan araha. Araha ba ta ado.

Ki roƙi maigida ya kira ƙwararren mai gyaran wuta ya duba abu uku: wayar da ake binnewa a ƙasa, makunnin da ke raba janareta da wutar gari, da fiyus. Kada ki yarda a ɗaure fiyus da guntun waya. An yi shi ne ya ƙone domin gidanki ya tsira.

In kuwa soket ya kama da wuta, Allah Ya kiyaye, kada ki watsa ruwa. Kashe babban makunni, fitar da yara, ki zuba yashi.

Wace dabara kike yi a naki gidan? Ki rubuto mana a ƙasa, 'yar'uwa ta ƙaru.